Lissafin da ba ya shiga littafin kanti

A babbar kasuwar Maraɗi ba a koya wa kowa lissafi. Alhaji yana juya naira zuwa sefa da ka, kafin yaronsa ya lalubo na'ura. Amma ran da ɗansa, wanda ya gama lisans a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya shiga masta, ya ce masa yana karanta "analyse complexe", tambaya ɗaya ce: me ake saye da shi?

Ga asalin maganar. Ɗan kasuwa ya san lambar da ke ƙasa da sifiri, bashi ke nan. To, kowace lamba aka ninka ta da kanta, ta riba ce ko ta bashi, amsar ba ta sauka ƙasa da sifiri. A 1545 wani likitan Italiya, Kardano, ya ci karo da lissafin da ke neman irin wannan lambar da babu ita; ya rubuta ta, ya ce ba ta da amfani. Daga baya masana suka raɗa mata suna "i", wadda in an ninka ta da kanta take ba da -1. Sai lambobi suka bar layi guda suka bazu a fili, kowace da gabas da arewarta.

A kan wannan fili ne Bafaranshe Ogustan Koshi ya gina iliminsa, musamman daga 1825. Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki: ga wasu ayyukan lissafi, wanda ya san ƙimarsu a kan iyaka ya san ta a ko'ina ciki. Kamar manomin Tibiri ya zagaya gefen gonarsa kawai, ya faɗi tsawon kowane karan hatsi da ke tsakiya. A gona ƙarya ne. A nan hujja ce tabbatacciya, kuma ɗalibi sai ya kawo ta da kansa gaban allo.

Amfani fa? Tun 1893 injiniyoyi ke auna wutar lantarki mai kai da komo da waɗannan lambobi, irin wutar da ke juya famfunan fadamar Jiratawa. Yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke gangarowa zuwa rijiyar burtsatse ma ana zana shi da su.

Kuma mu Katsinawan Maraɗi ba baƙi ba ne a fagen. Malam Muhammadu al-Kashinawi ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Jami'ar garinmu kuwa sai a 2010 aka kafa ta. A ganina, alhajin da ke biyan kujerar Makka ga maƙwabta ba zai gaza ɗaukar nauyin ɗalibin masta guda na shekara biyu ba, har da kuɗin littattafansa.