Kwaɗon Da Aka Yi Don Ɓarawo, Mai Gida Yake Hanawa Shiga

A babban hutun da ya wuce na dawo daga saro kaya da tsarabar autana, faifan gem sabo dal a ledarsa, na asali, wanda ya yi wata biyu yana yi mini nacinsa. Muka sa a na'ura, sai ta ce atafau ba za ta buɗe ba sai an haɗa ta da intanet ta sauke ragowar wasan. Na sayi data ta ƙare. Na ƙara, aka ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Kwana uku muna abu ɗaya. Ana cikin haka yaron ya shigo ya ce ɗan maƙwabcinmu tuni ya yi nisa a wannan wasan a kwamfutarsa, da kwafin da aka fasa aka tura masa a filas, ko sisi bai biya ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, to mu da muka biya, laifin me muka yi?"

Na rasa amsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba shi kaɗai ba ne. Amma tambayar yaron ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san da yawa a cikinmu, mu da muke fatauci a ƙasashen waje, muna kashe kuɗi masu nauyi a kan waɗannan na'urori don yaranmu, alhali ba mu san ainihin abin da muke saya ba.

Na haura hamsin, ina sayar da kayan wuta a Yawunde, gidana yana Briqueterie. Kuma e, ina buga gem. Abokaina a majalisa sun gaji da tsokanata, wai Alhaji ga furfura ga manet a hannu. Nakan ce musu ku da kuke kwana a kan ludo da kati fa? Na sayar da waɗannan na'urori, na buga su, na kuma ci riba da kwafinsu. Saboda haka ba daga bakin ganga nake magana ba.

Daga kaset zuwa faifai

Na'urar farko da na taɓa riƙewa irin jabun nan ce ta Taiwan da Sin, mai kaset ɗin da aka rubuta wasa ɗari da wani abu a jiki, in ka duba wasa goma ne ake ta maimaitawa. Kwaikwayon Famicom ce, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Lokacin da suka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai suka dasa mata wani ɗan cif mai suna 10NES. Aikinsa ɗaya: ya gaisa da ɗan'uwansa da ke cikin kaset. In kaset ba shi da wannan cif, na'ura ba ta tashi. To kun ji kwaɗo ba yau aka fara shi ba.

Da PlayStation ta fito a ƙarshen 1994, harka ta koma faifai, kuma faifai ya fi kaset sauƙin kwafa nesa ba kusa ba. Dabarar Sony ita ce a can farkon faifan asali akwai wata 'yar lanƙwasa a layin da na'ura ke bi, wadda ke ɗauke da alamar yanki: Japan, ko Amurka, ko Turai. Na'urar kwafa ta gida ba ta iya yin wannan lanƙwasar. Da jifa ɗaya suka tare kwafi, suka kuma tare faifan wani yankin. Mu a nan da kayanmu ke zuwa daga ko'ina, na'ura daga Beljiyam, faifai daga Amurka, sai ka sayi na asali ma ya ƙi yi. Nan masu gyara suka shigo da nasu cif ɗin, a liƙa shi da dalma, ya riƙa yi wa na'ura ƙarya cewa alamar tana nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi shekaru ina sayar da na'ura mai cif da faifan kwafi, musamman zamanin PS2 da ta fito a 2000. Har yau a ganina ba a yi na'ura kamarta ba, kuma ba ni kaɗai ba, don an sayar da sama da miliyan 155 a duniya. Ka buga wasa, uwargida ta kalli fim ɗin DVD a cikinta, in ta lalace yaron bakin kasuwa ya buɗe ya gyara. Ba ta tambayarka intanet, ba ta tambayarka sunanka.

Abin da ya sa nake son wasan labari

Yawancin yaranmu ƙwallo suka sani, sai faɗa da tseren mota. Ni wanda ya kama ni shi ne wanda Turawa ke taƙaitawa da RPG, wato wasan da kake shiga rigar wani jarumi ka bi labarinsa tun yana ba kowa ba har ya zama wani. Asalinsa ma ba na na'ura ba ne. A kan tebur aka fara, da takarda da ɗan lido, a wasan Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974. Daga baya Japanawa suka ɗauka, suka yi Dragon Quest a 1986.

Wanda ya shigar da ni shi ne Final Fantasy VII na 1997, mai faifai uku. Da ƙamus a gefe na buga shi, kuma rabin Turancin Ingilishin da nake ciniki da shi yau a nan na tsinta. Abin da ya burge ni shi ne wasan ɗan kasuwa ne. Kuɗinka kaɗan, sai ka zaɓa tsakanin takobi da magani. In ka kashe duka a garin farko, ka sha wuya a hanya. In ka yi gaggawar tunkarar abin da ya fi ƙarfinka, ka dawo baya. Ka tara, ka yi haƙuri, ka san wanda za ka tafi da shi. Wane fatake ne bai san wannan karatun ba?

A wannan wasan ne kuma na fara gane araha ba ta ado. Kwafi nake bugawa. Na kwashe makonni, na gama faifai na ɗaya da na biyu, na sa na uku ya tsaya cik a wuri ɗaya, don faifan banza ne. Mai buga ƙwallo in faifansa ya mutu minti goma ya rasa. Mai wasan labari wata guda ya rasa. Wasu kamfanonin ma da gangan suke yi. A wasan EarthBound na Super Nintendo, in ya gane kwafi ne sai ya ƙara yawan abokan gaba, ya ƙyale ka ka wahala har faɗan ƙarshe, sannan ya tsaya ya goge duk abin da ka adana. Mugunta ce, amma aƙalla mai kwafin ta sama, ba wanda ya biya ba.

Ranar da na daina sayar da kwafi

Da can ina ganin masu yin gem wasu attajirai ne a Tokyo da ba za su taɓa jin ciwon faifaina na dala ba. A 2016 wasu matasa a nan Yawunde, kamfanin Kiro'o Games ƙarƙashin Olivier Madiba, suka fitar da wasan labari mai suna Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Labarin wani sarki ne, Enzo, da matarsa Erine, waɗanda surukinsa ya ƙwace musu mulki, suka fita neman hanyar dawowa. Zane da sutura da sunaye duk na Afirka. Shekaru suka yi suna aikinsa, cikin ɗaukewar wutar nan da ni ma nake kuka da ita.

Sai na tambayi kaina: in wani ya kawo mini kwafin wannan wasan, zan shimfiɗa shi a teburina? Yaran da za mu iya haɗuwa a tasi ɗaya? Ni da in aka yi jabun kayan da nake sayarwa ba na barci? In haramun ne a kan na gida, to ban ga abin da ya halatta shi a kan na Japan ba, sai dai nisa. Daga nan na tattara harkar kwafi na ajiye. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce Alhaji ya ba da fatawar sata. Mai kaya yana da haƙƙin sa wa kayansa kwaɗo.

Inda kwaɗon ya wuce gona da iri

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwaɗon da yake duba faifai daban, wanda yake tsare mai faifan daban. A 2008 wasan Spore ya fito da ƙa'idar cewa sau uku kawai za ka iya sa shi a kwamfuta, sai da mutane suka yi ca aka ƙara zuwa biyar. A 2013 Microsoft ta sanar cewa sabuwar Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanninka su rufe, sannan za a taƙaita ba da aron faifai da sayar da shi. Surutu ya yi yawa, a watan Yuni na shekarar suka janye tun na'urar ba ta shiga kasuwa ba. Ka yi tunanin wannan dokar a Kusiri ko Garwa-Bulai ranar da sabis ya ɗauke.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne The Crew, wasan mota na Ubisoft da ya fito a 2014. Ba ya yi sai da intanet. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe manyan kwamfutocinsa, wasan ya mutu a hannun kowa, har masu faifai a kwali. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. A jihar Kalifoniya kuma an yi doka da ta fara aiki a 2025, wadda ta tilasta wa masu sayarwa ta intanet su faɗa wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa, ba mallaka ba. Da Hausar kasuwa: haya ce aka yi mata ado da sunan ciniki. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kuma ba dole ne sai da wannan matsin ake cin riba ba. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland ya buɗe shagon GOG a 2008, inda ake sayar da wasannin kwamfuta ba kwaɗo. Ka biya, ka sauke, ka adana a naka faifan. Nasu wasan The Witcher 3 na 2015 haka suka sayar da shi a can, kuma ya shiga sahun wasannin da aka fi saya a duniya. Sai dai na manya ne, ba na yara ba. Abin da na fahimta a shekaruna na kasuwa shi ne mai saye yana komawa inda aka mutunta shi.

Kafin ka zaro kuɗi

Ga 'yan'uwana iyaye, ga abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo shagona.

In PS5 za ka saya, ka sani tun fitowarta a 2020 iri biyu ce: mai cin faifai da maras ci. Maras cin ta fi araha a ranar saye, amma komai sai ta intanet, ba aro, ba musaya, ba na hannu. A wurinmu mai cin faifai ita ce mai arahar gaskiya.

Ka juya bayan kwali ka karanta, ko ka sa yaron ya karanta maka. In an rubuta ana buƙatar intanet, ka tambaya: don saukewa sau ɗaya, ko kullum? A Switch 2 da ta fito a 2025 akwai katin da ba wasan a cikinsa sam, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke. Suna rubutawa a gaban kwali.

Ka kula da ƙasar da aka buɗe akawun da ita. A PlayStation ba a canza ta bayan an buɗe, kuma katin kuɗin wata ƙasar ba ya shiga akawun ɗin wata. Mu da yau muna Duwala gobe muna Dubai, wannan tarkon namu ne. Kuma akawun ya zama da imel ɗinka, kalmar sirri a hannunka, ba a hannun yaron shago ba.

Ka dubi lambar shekaru. Kwalin Turai yana ɗauke da 3, 7, 12, 16 ko 18. Ba ado ba ne. Wasan labari yana da dogon zance, kuma ba kowane zance ne ya dace da kunnen ɗan shekara goma ba.

Sannan ka zauna ka kalla, ko na rabin awa ne. A gidana doka ɗaya ce: in an kira salla a adana a tashi, in akwai makaranta gobe manet yana ɗakina. Ni ma dokar ta hau kaina, uwargida ce alƙali.

A dare na uku na waccan wahalar, da data ta sake ƙarewa, na jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado na fito da tsohuwar PS2 ɗina. Na goge ƙura, na sa Final Fantasy VII na asali da na saya daga baya don in biya bashin wancan kwafin, na haɗa da talabijin. Ta tashi ba gardama. Autana ya yi dariyar zanen, wai mutane kamar an sassaƙa su da itace. Bayan awa ɗaya ya daina dariya, ya ce in matsa masa. Yanzu yana faifai na biyu, kuma jiya na ji shi yana yi wa yayarsa bayanin dalilin da ya sa bai sayi takobin ba ya sayi magani.