Yadda Za A Koya Wa Yara Tara Lamba Mai Guntu

Duk wanda ya fita koyon koyarwa a aji biyar ko shida zai gamu da wannan. Ka rubuta 2 1/2 + 1 2/3 a allo, kafin ka ajiye alli yaro ya ɗaga hannu, ya ce amsa 3 3/5. Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kada ka yi masa tsawa. Abin da ya saba yi ke nan tun yana aji ɗaya, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa rabi da sulusi ba girmansu ɗaya ba.

To, bar allo tukuna. Ba kowane yaro tsinken takarda biyu masu tsawo ɗaya. Na farko ya ninka shi gida biyu, na biyu gida uku, su jera su a kan tebur. Tambaye su: in aka haɗa rabi ɗaya da sulusi biyu, yaya za a kira abin da aka samu? Za su yi shiru, gama ba shi da suna tukuna. Sai ka sa su ninka kowane tsinke gida shida. Nan da nan za su gani da idonsu rabi ya zama sudusi uku, sulusi biyu sun zama sudusi huɗu. Yanzu guntayen sun zama iri ɗaya, ana iya ƙidaya su: sudusi bakwai.

Daga nan a koma allo. A tara cikakkun lambobi, 2 da 1, uku ke nan. A tara 3/6 da 4/6, a sami 7/6. A nan ne yara da yawa kan sāke tuntuɓe, su bar 3 7/6 haka nan. Tuna musu sudusi shida tsinke guda ne cikakke, sai a kai shi wajen ukun nan, saura sudusi ɗaya. Amsa 4 1/6.

Kafin a sauya kuɗi a Nijeriya a 1973, malamai na da sauƙi, don sule kwabo 12 ne: rabinsa sisi, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo huɗu, kowane yaro ya san su daga kasuwa. Yau agogo zai yi maka wannan aiki. Rabin awa minti 30, sulusi biyu minti 40, jimla minti 70, watau awa ɗaya da minti 10.

In lambobin ƙasa 4 da 6 ne, wani yaro zai ɗauki 24 maimakon 12. Ni dai ba na soke masa, amsarsa za ta fito daidai, aikinsa ne kawai ya yi tsawo. Abin da na fi so shi ne ya saba kintatawa kafin ya taɓa fensir: sulusi biyu sun fi rabi, saboda haka guntayen nan biyu sun haura ɗaya, amsa kuwa dole ta wuce huɗu. Yaron da ya iya wannan, shi da kansa zai ƙi 3 3/5.