Golf ɗin faifai: kuɗi sun shigo, kwalbar fitsari ba ta iso ba

Yau za mu leƙa wani wasa da na san da yawanku ba ku taɓa kallonsa ba, amma ku ɗan yi haƙuri da ni, don rigimar da ke cikinsa ta fi wasan kansa daɗin ji.

Sunansa golf ɗin faifai. Kun san golf na masu kuɗi, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami? To wannan ƙaninsa ne. Maimakon sanda da ƙwallo, faifan roba kake wurgawa da hannu, nauyinsa bai wuce giram 200 ba. Maimakon rami kuma, akwai kwandon ƙarfe a kan sanda, an rataya masa sarƙoƙi da ke tare faifan ya faɗa ciki. Wanda ya gama zagaye da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya kafa filin farko a Kalifoniya a 1975, a 1976 kuma ya kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan, PDGA. Yau ana yinsa sosai a Amurka da Finlan da Suwidin da Istoniya.

Shekara da shekaru wasan 'yan shaƙatawa ne. Abokai su haɗu a lambun gari, a yi jifa, a yi raha, wanda ya ci ya samu kuɗin man mota. Babu wanda zai sha ƙwaya saboda wannan. Sai abubuwa suka sauya. A 2016 aka kafa babbar gasar zagaye ta ƙwararru, Disc Golf Pro Tour. Lokacin korona mutane suka yi ta tururuwa zuwa wasan, tunda a fili ake yi kuma ba cakuɗuwa. A 2021 Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10 da kamfanin Discraft. Shekara ta zagayo, Ricky Wysocki ya karɓi na dala miliyan 4 na shekara 4 daga Dynamic Discs. Don wurga faifai fa!

To duk inda aka ajiye irin wannan kuɗi, tambaya ɗaya sai ta taso: wa ke duba jikin 'yan wasan? Gasar ta girma, kyamarori sun zo, kamfanoni sun zo, amma ba ta taso da tsarin gwajin fitsari ko jini na yau da kullum irin na 'yan tsere da 'yan keke ba. Dokar PDGA ta hana shan giya ko wiwi ana tsakiyar zagaye, ko da a jihar da wiwi ɗin ya halatta, kuma ana iya korar mutum daga gasa a kan haka. Sai dai wannan dokar ido ce. Sai an gan ka. Abin da ka haɗiya a ɗakin otal da asuba, ko allurar da ka yi wata biyu kafin a fara kaka, ido ba ya kama shi.

Na san abin da wani zai ce: haba, wace ƙwaya ce za ta taimaki mai jifan roba? Mu bi abin a hankali.

Jifan farko a kowane kwando na ƙarfi ne. Manyan 'yan wasa na wurga faifai ya wuce mita 150, yana barin hannu da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Gaskiya ne salon jifa ya fi damtse muhimmanci, siririn yaro mai iya juya ƙugu zai wuce ƙato. Amma a saman tebur kowa ya iya salon. Idan mutum ashirin duk sun iya, ƙarin mita goma shi ke raba wanda faifansa ya sauka gindin kwando da wanda ya tsaya bayan bishiya. Sannan ga gajiya. Kaka tana farawa wajen Fabrairu ta kai Oktoba, ana kwana a mota daga jiha zuwa jiha, kafaɗa da gwiwar hannu da baya suna shan wahala kullum. Ƙwayoyin gina tsoka da sinadarin girma, babban amfaninsu ga ɗan wasa shi ne ya murmure da wuri, ya koma atisaye yayin da abokin hamayyarsa ke ɗaure da ƙanƙara a kafaɗa.

Amma ni inda hankalina ya fi tsayawa shi ne kusa da kwando. Akwai da'ira ta mita 10 a kewayensa, kuma a nan ake cin gasa, a nan ake zubar da ita. Jifan da ka yi sau dubu a bayan gidanka, yau ga mutum dubbai sun yi tsit suna kallonka, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, yatsu na rawa. A gasar duniya ta 2021 a jihar Yuta, James Conrad ya jefa faifai cikin kwando daga nisan wajen mita 75 a kwandon ƙarshe, ya kamo McBeth, aka je raba gardama ya cinye. Kambun duniya ya rataya a kan jifa ɗaya. A irin wannan wuri, wanda hannunsa bai rawa ya fi mai ƙarfi.

Kuma akwai maganin da ke yin wannan aikin daidai. Magungunan hawan jini ne masu rage bugun zuciya, irin su furofaranolol. Suna toshe tasirin sinadarin firgici a jiki, zuciya ta lafa, rawar hannu ta ragu. Ba sabon abu ba ne a wasanni. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ɗan Koriya ta Arewa mai harbin bindiga, Kim Jong-su, ya ci azurfa da tagulla, aka gwada shi aka samu wannan magani, aka ƙwace duka biyun. A golf na sanda kuwa, gasar PGA ta fara gwaji a 2008, kuma mutum na farko da aka dakatar shi ne Doug Barron a 2009, shekara guda, saboda irin wannan magani da kuma sinadarin maza. Ya ce likita ne ya rubuta masa.

Ga abin dariyar. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ba ta haramta wannan magani a kowane wasa ba. Ta ware wasu ne: harbin baka, harbin bindiga, sunuka, jifan 'yar kibiya a allo, tseren mota, golf, har da ƙaramin golf na wuraren shaƙatawa. Wasannin faifai ba sa cikin jerin. Wato ko gobe aka ɗauko littafin WADA aka ɗora wa golf ɗin faifai yadda yake, maganin da ya fi dacewa da mai son maguɗi a gindin kwando zai wuce salin-alin.

To wa littafin zai kama? Nan ne gizo ke saƙar. Wiwi. Duk wanda ya san wasan nan ya san an daɗe ana tsokanar 'yan wasansa da hayaƙi, tun zamanin lambunan Kalifoniya. Jihohin Amurka da dama sun halatta shi, amma a wurin WADA haramun ne lokacin gasa. A 2013 sun ɗaga ma'aunin zuwa nanogiram 150 a kowace mililita ta fitsari, don kada a kama wanda ya sha tun makonni baya, duk da haka mai sha kullum na iya faɗawa. Ku tuna Sha'Carri Richardson, 'yar tseren Amurka. Wiwi ya sa aka dakatar da ita wata ɗaya a 2021, ta rasa tseren mita 100 na Tokyo. Ka ga kenan, ranar da aka fara gwaji a golf ɗin faifai, sunayen farko da za su fito ba lallai na masu maguɗi ba ne. A ganina wannan na cikin abin da ke sa kowa jan ƙafa.

Bayan wiwi akwai magungunan tattara hankali irin su Adderall, wanda samari da yawa a Amurka ke sha da takardar likita. Zagaye ɗaya na cin awa uku zuwa huɗu, kwana uku ko huɗu a jere, don haka hankalin da bai warwatse ba riba ce. WADA ta haramta shi lokacin gasa sai ga wanda ya nemi izinin jinya tun da wuri, likitoci suka duba suka amince. Sai kuma wani da mu nan muka fi kowa saninsa: tiramol. Tun 1 ga Janairun 2024 ya shiga jerin haramtattu lokacin gasa, don yana danne ciwo mutum ya ci gaba da abin da jikinsa ya ce ya isa.

Shi gwajin kansa ba wasa ba ne. Jami'i zai bi ka har bayi, ya tsaya yana kallon fitsarin na fita daga jikinka, don an sha kama masu zuwa da na wani. A raba shi kwalba biyu, A da B, a rufe, a aika ɗakin binciken da WADA ta amince da shi, kuma irinsu wajen talatin ne kacal a duniya. Idan aka samu abu, ba ruwansu da ko ka sani ko ba ka sani ba. Jikinka ne, alhakinka ne, ko da a garin ƙarin kuzarin da ka saya a kanti ya shigo. Gwajin ranar gasa kaɗai kuma ba ya kama mai wayo, don zai daina sha tun kafin lokaci. Shi ya sa manyan 'yan wasa a tsarin WADA ke ba da adireshin inda za a same su na awa ɗaya a kowace rana. Ka kuskure sau uku cikin wata 12, laifi ne. Yanzu ka ɗora wannan a kan mutumin da gidansa motarsa ce, yau yana Tekzas, jibi yana Ilinoi.

Sannan wa zai biya? Jami'ai, jigilar kwalabe, ɗakin bincike, likitocin izini, lauyoyin ɗaukaka ƙara, duk kuɗi ne. McBeth da Wysocki su ne saman tulu. Ƙasa da su akwai ɗimbin 'yan wasa da kyautar mako ba ta wuce kuɗin mai da abinci ba. Duk dalar da aka kai wa gwaji, daga wani wuri aka cire ta, kuma da wuya a ce ba daga tukunyar kyauta ba.

Sai dai akwai ƙofar da gwajin ya riga ya shigo ta ita. Hukumar wasannin faifai ta duniya, WFDF, ta sa hannu a dokar WADA, kuma kwamitin Olamfik ya ba ta cikakkiyar amincewa a 2015. Golf ɗin faifai ya fito a gasar World Games ta 2001 a Akita ta Japan, ya ɓace, sannan ya dawo a ta 2025 a Chengdu ta ƙasar Sin, inda aka yi shi bibbiyu, mace da namiji. A can dokar WADA ke aiki. Wato ɗan wasa ɗaya, a wata ɗaya, yana iya zama ƙarƙashin doka biyu: in ya sa rigar ƙasarsa ana iya miƙo masa kwalba, in ya koma gasar da ke biyansa albashi babu mai tambayarsa. Masu mafarkin ganin wasan a Olamfik kuwa sun san ba a shiga can da wannan tsari.

Da ni za a tambaya, ba zan ce a kwafo littafin WADA dungurungum ba. Gasar ƙwararru mai zaman kanta na da damar rubuta nata jerin, kamar yadda manyan gasannin Amurka na ƙwallon kwando da zari-ruga suka yi. A sa ƙwayoyin tsoka, a sa maganin rage bugun zuciya tare da ƙofar izini ga mai ciwo na gaskiya, a bar wiwi a dokar ɗa'a inda yake tun da. A fara da 'yan saman tebur a manyan gasa huɗu na shekara, inda kuɗin suke.

Ku fa, a ina za ku sa wiwi, cikin maguɗi ko cikin rashin ɗa'a? Ku ajiye mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.