Ka Fita da Lowa Kiredit Kuma Kana Son Likitanci: Wace Ƙofa Ce Ta Rage?

Da yawa daga cikinmu, musamman 'yan SLT, ba foli muka nufa tun farko ba. Likitanci muka cike a JAMB, maki bai kai ba, aka ce a zo a yi difloma kafin a sake gwadawa. To ga sakamakon ND ya fito, wani ya tarar da 2.6, wani 2.3, sai ka ji ana cewa shi ke nan, maganar MBBS ta mutu. Ni ban yarda ta mutu ba, amma kuma ba zan yi muku daɗin baki ba. Akwai ƙofar da ƙaramin maki yake rufewa, akwai wadda babu ruwanta da shi, kuma kowacce da kuɗinta da shekarunta.

Mu fara da dalilin tsananin. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likita a Najeriya, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, bisa yawan malamanta da kayan aiki da girman asibitin koyarwarta. Saboda haka ABU, ko BUK, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ta Maiduguri, babu wadda ke da ikon ƙara kujeru don kawai masu nema sun yi yawa. Kujeru kaɗan, masu nema dubbai, dole a yi tankaɗe da rairaya.

Ƙofar da yawancinmu ke hange ita ce shiga kai tsaye, wato DE, inda ake fara karatu daga aji biyu a gama cikin shekara biyar. A nan ne makinka na difloma yake magana. A ma'aunin da muke amfani da shi, 3.50 zuwa 4.00 shi ne distinshin, 3.00 zuwa 3.49 ofa kiredit, 2.50 zuwa 2.99 lowa kiredit, ƙasa da haka zuwa 2.00 kuma fas. Guraben DE a likitanci ɗan yanki ne daga cikin kujerun da dama can ba su da yawa. Jami'o'i da dama ba sa karɓar ND a wannan kwas ko da ka fita da distinshin, waɗanda ke duba karatun baya kuma galibi digiri suke so a fanni makusanci, kamar Anatomi, Fiziyoloji ko Bayokemistiri, da sakamako mai ƙarfi. Mai lowa kiredit, da ma mai digirin da ya fita da mataki na uku, in ya sayi fom ɗin DE da wannan takardar, kusan kyautar kuɗinsa ya yi. Kafin ka kashe ko sisi, buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a intanet ka karanta sharaɗin jami'ar da kake so da idonka.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda mutane ke jin kunyarta, ni kuwa ita na fi ba wa ƙarfi: ka koma ka sake rubuta UTME kamar wanda ya gama sakandare bana. A lissafin wannan hanyar babu inda makin ND yake shiga. Abin da ake dubawa shi ne makinka cikin 400 a Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, da jarrabawa ko tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, sai takardar sakandare. Ita takardar sai ka duba ta da kyau. Ana son kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma makarantun likitanci da yawa a zama ɗaya suke so. Idan da haɗin WAEC da NECO ka shigo foli, fara da sake zama jarrabawar masu zaman kansu.

Ɗan SLT yana da abin da ɗan sakandare ba shi da shi: shekara biyu yana riƙe da kayan gwaji, Kemistiri da Bayoloji ba baƙinsa ba ne. Abin da ke kayar da irinmu sauri ne. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗayan sauran ukun. Ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wanda ya saba cika shafi uku don amsa tambaya ɗaya sai ya horar da kansa a kwamfuta da agogo a gefe, watanni kafin lokaci, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma mafi ƙarancin makin da ake sanarwa duk shekara ya ruɗe ka. Na shiga jami'a ne gaba ɗaya, na likitanci yana can sama nesa da shi.

Zaɓin jami'a ma dabara ce. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Jami'o'in jiha kuma suna fifita 'yan jiharsu. Ka zaɓi inda jiharka ke da rabo. Wajen rajista kuma ka faɗi gaskiya cewa ka taɓa samun gurbi a wata makaranta.

Ƙofa ta uku ita ce IJMB, wadda ABU Zariya ke gudanarwa, ko JUPEB. Karatun kusan shekara guda ne a darussa uku, kuma sakamakonsa sabo ne fil, ba ya jan tsohon makinka. Sai dai ta ƙofar DE ɗin nan mai ƙunci zai bi da kai, don haka in ba kusan A ka jera ba, da wuya. A kula da masu cibiyoyin da ke rantsuwa cewa suna da hanya. Duk gurbin da bai fito a CAPS, shafin da JAMB ke tabbatar da adimishan, ba gurbi ba ne.

Masu hali kan tafi waje, Masar ko wani wuri. Kafin a biya, a tabbatar MDCN ta amince da makarantar, a kuma sani cewa in an dawo sai an ci jarrabawar hukumar kafin a ba da lasisi. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse wa ɗalibanmu da yawa karatu a tsakiya, wannan ma abin lissafi ne.

Yanzu tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi: me ya jawo ƙaramin makin? Idan rashin lafiya ce, ko neman kuɗin makaranta, ko kwas ɗin da ba ka so, kuma yanzu abin ya kau, to bismilla. Idan kuwa sai saura mako biyu jarrabawa kake neman handawut, gyara wannan tukuna, domin a gaba akwai jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri, wadda faɗuwarta a kai a kai ke sa a sallami ɗalibi daga kwas ɗin. Ka kuma ƙirga shekaru tare da mutanen gida. Mai shekara 22 da ya shiga ta UTME zai gama yana 28, in babu yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, sannan ga shekarar horon asibiti. Wa zai ɗauki nauyin?

Shawarata ita ce kada ka saki reshe ka kama ganye. Ci gaba da IT ɗinka ko HND, ka yi shirin UTME a gefe, kada ka ajiye komai sai ka ga sunanka a CAPS. Ka duba kimiyyar ɗakin gwajin asibiti ma, inda wasu jami'o'i ke karɓar difloma ta SLT. Ku kuma ƙannenmu 'yan ND 1, makinku bai bushe ba tukuna. Zangon da kuke ciki yanzu shi ne mafi arahar wurin gyara shi. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.