Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin Da Ke Dawo Da Hannu Aiki, Da Abin Da Ke Ƙara Kashe Shi

Mutumin da ya tsira daga shanyewar ɓarin jiki yakan fara takawa kafin hannunsa ya motsa. Ƙafa tana samun aiki dole, domin sai ya tashi ya zaga bayan gida. Hannu kuwa ana iya barin sa a rataye wata da watanni, saboda ɗan'uwansa mai lafiya ya ɗauke masa komai. Ga manomi a Bungudu, ko tela a Gusau, ko mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Tsafe, rasa hannun nan daidai yake da rasa hanyar abinci.

Inda cutar take

Ba a hannun cutar take ba, a ƙwaƙwalwa take. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sashen da ya rasa jini yakan lalace, umarnin motsi ya daina isa ga gaɓoɓi. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa damar jiki, na dama kuma ke sarrafa hagu. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne babban abin da ke jawo cutar a yankin.

Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi, sassan da suka tsira su karɓi aikin wanda ya lalace. Sai dai ba ta yin haka sai an yi ta neman motsin daga gare ta. Wannan damar ta fi ƙarfi a watanni uku na farko, ta ragu bayan wata shida, duk da cewa ba ta rufewa gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a wannan lokacin ne iyalai da yawa ke zagayen masu magani bisa zaton shafar iska ce.

Hanyoyin da aka gwada

Ginshiƙin jinyar shi ne maimaita aikin da majinyaci ke bukata a rayuwarsa: ɗaukar kofi zuwa baki, jan carbi, sa maɓallin riga, tsince wake daga faranti zuwa kwano. Wani bincike na 2009 a Amurka da Kanada ya gano cewa a zama ɗaya da likitan fisiyo, majinyaci na maimaita irin wannan aikin sau 32 ne kacal a matsakaici, alhali gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi sun nuna ana bukatar ɗaruruwa a rana. Zuwa asibiti sau ɗaya a mako ba ya wadatarwa.

Hanya ta biyu ita ce takura wa hannu mai lafiya. Edward Taub na Jami'ar Alabama ya lura cewa majinyaci kan koyi watsi da hannun da ya raunana, ko da akwai sauran motsi a cikinsa. Sai aka riƙa sa wa mai lafiyar safa mai kauri domin a tilasta wa ɗayan aiki. A gwajin EXCITE na 2006, mai majinyata 222, an yi haka tsawon mako biyu tare da atisayen da ya kai sa'a shida a rana, kuma amfanin ya ɗore fiye da shekara. A Jami'ar Bayero ta Kano, Auwal Abdullahi ya yi nazarin ƙirga yawan maimaici a maimakon ƙirga sa'o'i, tsarin da ya fi sauƙin bi a gida. Hanyar ba ta kowa ba ce: sai wanda ke iya ɗan ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu.

Wanda hannunsa bai fara motsi ba, akwai dabarar madubi. Ana tsayar da madubi a gabansa, hannun da ya shanye a bayansa, ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa, ƙwaƙwalwa ta ga kamar ɗayan ne ke motsi. V. S. Ramachandran ne ya fara ta ga waɗanda aka yanke wa hannu, aka gwada ta ga masu shanyewar jiki a 1999. Wasu asibitocin kuma na amfani da na'urar da ke zaburar da tsoka da lantarki kaɗan.

Tausayin da ke cutarwa

Iyalin da ke ba majinyaci abinci a baki, su sa masa riga, su yi masa komai, suna hana hannun aikin da zai farfaɗo da shi. Jan majinyaci ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi kan goce kafaɗa, ya bar ciwon da zai hana atisaye. Gashi da ruwan zafi na iya ƙona fatar da ba ta ji. Tausa na rage tsami, amma ba ta koya wa ƙwaƙwalwa motsi, haka tsaga da ƙaho.

Nisa da Gusau

Manyan asibitocin jihar, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk a Gusau suke. Mutumin Bungudu yana kusa, amma na ƙauyukan Tsafe sai ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, ya biya kuɗin mota nasa da na mai rakiya. Kaɗan ne za su iya jure wannan sau uku a mako.

Don haka duk zuwan da aka samu a ci moriyarsa. Mai jinya ya shiga tare da majinyaci, likitan fisiyo ya nuna masa atisaye uku ko huɗu, ya ɗauka a waya, a dawo gida ana ƙirgawa kullum a littafi. Kada a daina maganin hawan jini don an ga sauƙi, domin bugu na biyu na iya rushe duk abin da aka gina.

A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Ɗaya daga cikin ma'aunan wannan alkawari shi ne ko za a riƙa tura likitan fisiyo manyan asibitocin Tsafe da Bungudu a ranaku sanannu, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su bibiyi atisayen gida, tun watanni ukun farko ba su ƙare a kan hanya ba.