Mu Keɓe Wurin Hutu a Cikin Gidajenmu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Mun saba tattaunawa a kan abinci mai gina jiki, da ruwa mai tsabta, da allurar rigakafi. Yau za mu yi magana a kan wani magani da ba a sayensa a kasuwa, wato hutu, da kuma wurin da ya dace a yi shi a cikin gida.

Wa ke da wurin hutu a gidanmu?

Mu dubi kowane gida a karkarar Gidan Sori, ko a ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Maigida yana da zaure, yana kuma da gindin itaciya a ƙofar gida. Samari suna da fadarsu inda suke dafa shayi. Awaki suna da turke, hatsi yana da rumbu. To, uwargida fa? Tun asuba take tashi. Ta je rijiya, ta yi sussuka da surfe da daka, ta nemo itace, ta ɗora tukunya, ga goyo a baya. Da damina kuma ga gamana tana jiran ta. Idan ta samu ɗan sarari, sai ta zauna a bakin murhu cikin hayaƙi, yara na jan zanenta. Wannan zama ba hutu ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a shekarar 1948, ta bayyana cewa lafiya ba ta tsaya ga rashin ciwo kaɗai ba, ta haɗa da natsuwar zuciya da zaman lafiya da jama'a. Masana sun nuna cewa baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare. Wanda ya daɗe ba ya samun isasshen barci, yakan yi fama da ciwon kai da mantuwa da saurin fushi, kuma hawan jini ya fi saurin kama shi. Sau da yawa faɗan da ke tashi a gida kan abin da bai taka kara ya karya ba, gajiya ce tushensa.

Saboda haka hutu ba lalaci ba ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko san noma ma, mukan kwance masa karkiya idan rana ta take.

Yadda za mu shirya wurin

Ba sai da siminti ko kuɗi masu yawa ba. Abin da ake buƙata duk yana kewaye da mu.

1. Zaɓen wuri. Mu zaɓi wani gefe na tsakar gida da iska ke ratsawa. Ya kasance nesa da murhu, da turken dabbobi, da makewayi. Faɗin tabarma 2 ya isa. Nisantar murhu yana da muhimmanci, domin hayaƙin itace yana cutar da huhu da idanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta cikin gida tana kashe mutane wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya.

2. Inuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a jihar Maraɗi. A wannan lokaci ɗakin kwano yakan zama kamar tanda. Rumfar kara ko ta zana ta fi shi sanyi nesa ba kusa ba, domin iska tana ratsa ta. Bayan girbi, mu ware ƴan dammunan karan hatsi, mu kafa shika-shikai 4, mu rufa. Mu ja danga ko zana ta gefen da rana ke faɗuwa, don ta tare zafin la'asar, ta kuma ba da sutura.

3. Itaciya. Rumfa takan tsufa, amma itaciya ƙara girma take yi. Dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya ne, yana jure fari, yana saurin girma, ga inuwa mai kauri. Sai dai a dasa shi nesa da bango da rijiya, domin saiwarsa tana tafiya nesa. Zogale yana ba da ganyen miya da na kwaɗo. Lalle kuma furensa yana da ƙanshi mai daɗi da dare. Farkon damina ne lokacin dashe. A kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, a riƙa zuba masa ruwan alwala da na wanke hatsi idan rani ya shigo.

4. Shimfiɗa. Tabarmar kaba ta wadatar, irin wadda mata ke saƙawa da ganyen goriba a yankin Gulbin Kaba. A zuba rairayi mai tsabta a ƙasa, a riƙa sharewa kullum. A kakkaɓe tabarma kafin a kwanta saboda kunama. Mai ciwon baya ko tsohon da tashi daga ƙasa ke yi wa wuya, a yi masa gadon kara.

5. Ruwan sha. A ajiye ƴar randa a kan jiƙaƙƙen rairayi a cikin inuwa. Randa tana tsattsafo ta jikinta, iska na busar da shi, shi ya sa ruwan ciki yake yin sanyi. A rufe ta da faifai, a keɓe mata moɗa guda. Rufin yana hana ƙura shiga, yana kuma hana sauro yin ƙwai.

6. Gidan sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya da dare yake cizo. Duk wanda zai kwana a rumfa, to ya ɗaura gidan sauro mai magani, ya cusa bakinsa a ƙarƙashin tabarma. Wannan ya fi zama dole ga mata masu ciki da ƙananan yara.

Abubuwan da ba za su shiga wurin ba

Kada mu ajiye takin zamani ko maganin feshi a inda muke kwana. Ƙwayar nan da ake sa wa wake don kashe ƙwari tana fitar da iska mai guba, tana iya hallaka mutum yana barci. Buhu mai rufi uku, wanda ake kira PICS, yana adana wake ba tare da magani ba. Haka kuma lokacin ɗari, kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe, domin iskarsa ba ta da wari amma tana kisa. Rediyo da wayar salula su ma a bar su gefe na ɗan lokaci. Kunne da ido suna buƙatar hutu kamar yadda baya ke buƙata.

Darasi daga gonakinmu

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gonaki suka zama fili fetal. A shekarar 1983, a nan ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da muke sarewa kowace shekara suna da rai. Manoma suka fara barin ƴan rassa masu ƙarfi suna girma. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun farfaɗo a kan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Kututturen da aka daina sara ya zama inuwa. Jikin ɗan Adam ma yana farfaɗowa idan aka sarara masa.

Wuri ba ya amfani sai da lokaci

Gina rumfa aikin yini guda ne. Abin da ya fi wuya shi ne a bar mai ita ta zauna a ciki. Don haka mutanen gida su yi yarjejeniya. Bayan azahar, a ba uwargida rabin awa ko awa guda ta ƙailula, babu mai kiran ta sai da babban dalili. Manyan yara su kula da ƙanana. Inda akwai kishiyoyi ko faccaloli, su riƙa karɓa-karɓa. Maigida shi ne zai fara girmama wannan doka, domin idan ya girmama ta, yara za su bi. Al'adarmu ta san wannan tun da: mai jego akan ɗauke mata aiki har kwana 40. Buƙatar hutu kuwa ba ta ƙarewa ranar da aka yi arba'in.

Idan an zauna, a miƙe ƙafafu, a sassauta ɗaurin zane. A ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali, kamar sau 10. Mai zikiri ya yi zikirinsa. Mai koyon karatu ya ɗauki littafinsa na yaƙi da jahilci. Wanda barci ya ɗauka, a ƙyale shi.

Idan hutu bai isa ba

Rumfa ba asibiti ba ce. Idan mutum ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, ba ya son abinci, ba ya son shiga mutane, to a kai shi wurin likita. Wannan yakan samu wasu mata bayan haihuwa. Ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne. Mai ciki da ke fama da ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ganin dishi-dishi, kada a ce ta kwanta ta huta, a gaggauta kai ta asibiti a auna jininta. Gajiyar da ba ta tafiya ko an huta, tana iya zama alamar ƙarancin jini.

Ƴan'uwa, idan an gama girbin bana, kafin a kwashe kara don shinge da abincin dabbobi, mu ware na rumfar uwargida. Wanda ya karanta wannan bayani, ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.