Sauke Injin Babur Na Hannu A Garwa: Canjin Ringi Kaɗai Ba Gyara Ba Ne

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Garwa zuwa Gashiga da Demsa, ko kuwa ta Gidar zuwa Mubi, ya san babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke ɗauko jarkokin fetur ɗin nan da ake kira zuwa-zuwa, shi ke kai buhun masara da gyaɗa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, shi ne kuma ke ratsa hanyoyin da mota ba ta iya shiga idan damina ta yi nisa. Akasarinmu kuwa ba sabo muke saye ba, na hannu ne, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ribar hanya ta ragu, mutane suka ƙara rungumar tsohon da ke hannunsu maimakon neman sabo.

Cikin kayan na hannun da ke shigowa, jefi-jefi akan ga ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, irin wanda a Turai da Amurka ake saya wa yara da masu koyon tuƙi don yawo a gona da rairayi. Wasu na tsoron sayensa wai ba za a sami kayan gyaransa ba. To a nan mai karatu ya kwantar da hankalinsa, domin mafi yawan ƙananan da ake ƙerawa a Sin, masu ƙarfin 110cc, injinsu ɗaya ne da na babur ɗin da muke kira roba-roba, wato kwaikwayon injin nan na kwance na Honda Super Cub wanda ya fara fitowa a 1958. Fistan ɗinsa da ringi da bawul duk ana samunsu a shagunan kayan babur na Garwa, waɗanda yawancinsu daga Najeriya ake kawo su. Bambancin kawai, mai ƙafa huɗun ya fi nauyi kuma a hankali yake tafiya, alhali iska ce ke sanyaya injin, saboda haka ya fi saurin ɗaukar zafi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A namu ganin, abin zagayen gona ne da sauƙaƙan aike, ba na lodin buhuna zuwa bakin iyaka ba.

Ko mai ƙafa biyu ne ko mai huɗu, abubuwan da ke kashe inji a wannan yanki sanannu ne. Ƙurar hunturu tana wucewa ta matatar iska da ta yage, ta shiga cikin silinda ta riƙa cin ƙarfe kamar ana goga shi da yashi. Fetur na bakin hanya, idan aka surka shi da kananzir ko ya kwashi datti a jarka, yana barin baƙin toka a kan fistan da bawul, yana kuma sa injin zafi. Sai babban laifinmu, wato barin baƙin mai har ya koma kamar kwalta. Wannan hali ba yau aka san mu da shi ba; shi ya sa ma kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975, bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ba a canza mai kan lokaci, kuma wannan injin ne da yawa daga baburan Sin masu tsayayyen inji suka kwaikwaya.

Idan waɗannan suka taru, sai babur ya fara hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ya riƙa shan baƙin mai, ya ƙi tashi da safe, ya kasa hawan tudu da kaya. A nan ne ake yin cinikin da ya fi cutar mai saye. Wanda zai sayar sai ya kai gareji a sa masa sabon ringi, wanda makanikan nan ke kira sagman, a zuba mai mai kauri, hayaƙi ya ɗauke. Kai kuwa ka biya kuɗin lafiyayyen babur, bayan 'yan makonni hayaƙin ya dawo, watakila kana tsakiyar daji da kayan mutane.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa leƙa cikin silinda. Idan ta ci, ba daidai take ci ba: sama ta fi ƙasa faɗi, kuma ramin yakan tashi daga zagayayye ya koma kamar ƙwai. Sabon ringi kuwa zagayayye ne, ba zai taɓa zama daram a cikin ramin da ya karkace ba. Gyaran gaskiya shi ne a auna silindar, in ta wuce misali a kai ta wurin masu borin su faɗaɗa ta, a sa fistan da ringi na girman da ya dace. Ana ƙarin ne mataki-mataki, 0.25 na milimita, sai 0.50, sai 0.75, har zuwa 1.00, daga nan kuma sai sabuwar silinda. A injin 110cc asalin faɗin ramin milimita 52.4 ne, a na CG125 kuwa 56.5. Sau da yawa ma, da yake kayan Sin suna da araha, sayen silinda da fistan da ringi a ƙunshi ɗaya ya fi borin sauƙi, sai dai a kula, don akwai jabu masu kyan kwali.

Amma fa tun da an riga an kwance injin, kada a tsaya a nan. Ka ce wa bakanikenka ya kama sandar da ke haɗa fistan da karanshaf ya ja sama da ƙasa a gabanka. In ta ɗan motsa gefe da gefe ba komai, amma in ta yi wasa sama da ƙasa, to boris ɗinta ya tafi, kuma sabon fistan ba zai hana injin bugawa ba. A fitar da bawul a goge mazauninsu, a canza 'yan robobin da ke hana mai gangarowa ta jikinsu, domin su ma suna jawo hayaƙi, ana ɗora wa ringi laifi. A injin roba-roba a duba sarƙar taimin da robar da take gudu a kai. Sannan akwai wurin da yaran gareji suka fi tsallakewa: waɗannan injina ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, 'yar raga ce da wani ƙoƙo mai juyawa da ke tara datti. In ba a wanke su ba, garin ƙarfen tsohon inji zai zagayo ya ci sabon kayan da ka saya da guminka.

Wurin haɗawa ma akwai ƙa'ida. Bakin ringi ba a jera su waje ɗaya, ana rarraba su ne kewaye da fistan. Alamar da ke kan fistan tana da gefen da take fuskanta. Gasket sabo ake sawa, ba a lallaɓa tsohon da gam. Kuma a shimfiɗa buhu ko kwali mai tsabta, don mun sha ganin an zube fistan da boris a kan ƙasa a bakin titi, iska na watsa musu yashi, sannan a ɗauka a mayar ciki.

Bayan an tayar da inji, sauran aikin naka ne. Kwanakin farko ba na lodi ba ne, ba na gudu ba ne, a kuma juye man farko bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, domin shi ke kwashe ɓarɓashin ƙarfe. Mun san da wuya ɗan kasuwa ya ajiye babur ranar kasuwa yana kallo, to amma a nan ne sabon gyara ya fi lalacewa.

Ga wanda bai saya ba tukuna, ya je da sassafe ya taɓa injin da hannunsa. In ya ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi don kada a ga hayaƙin farko. Ya zare fulogi ya duba, in baƙi ne mai danshin mai, ya cire kuɗin sauke inji daga farashin kafin ya yi tayi. Ya kuma gwada lambar da ke jikin babur da ta takardun kwastan da na rajista, domin a shingayen da ke tsakanin Garwa da bakin iyaka, takarda ake fara tambaya.